Aikin soja a Legas da riƙon motsa jiki da cin abinci mai kyau

Kofur ɗan Agege:
Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Tun da aka dawo da ni Legas daga arewa maso gabas jikina yake ƙara nauyi, numfashina kuma yake raguwa, alhali kuwa aikin da nake yi a nan bai bar mini lokacin hutu ba ko kaɗan. Ina zaune a Agege, wurin aikina kuma yana can tsibiri, saboda haka nakan bar gida tun kafin a kira assalatu domin in tsallake gadar Third Mainland kafin cunkoso ya kama, kuma idan gadi ko sintirin dare ya faɗo kaina sai washegari nake ganin iyalina. Abincina a mafi yawan ranaku bai wuce indomi da ƙwai da burodi a wurin mai shayi ba, sai lemon kwalba da rana idan zafi ya tsananta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a fagen daga inda abinci da ruwa suke da wuya na fi haka ƙarfi da sauƙin jiki. Yaya waɗanda suka daɗe a garin nan suke yi?

Tsohon Samanja, Ojo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amsar tana cikin bayaninka. Gajiya daban take, motsa jiki kuma daban, kuma sojoji da yawa a Legas suna ruɗa su. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa ko a shingen bincike tun safe har dare zai koma gida ƙafafunsa na zogi, bayansa na ciwo, ya ɗauka cewa ya yi aikin ƙarfi, alhali zuciyarsa ba ta yi bugun da za ta ƙarfafa ba ko na minti biyar. A daji kana tafiya da kaya a baya, kana haƙa rami, kana hawa da sauka. A nan kana zaune cikin mota ko kana tsaye wuri ɗaya. Abin da aka koya mana a Difo na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji, bai tsufa ba: jiki yana riƙe abin da ake maimaita masa kullum, yana kuma sakin abin da aka daina. Ni tsawon aikina na ɗaure motsa jikina da sallar asuba, domin ita ce abu ɗaya da babu jadawalin aikin da ke ɗauke ta. Da zarar an sallame, minti 20 na gudu a wuri ɗaya, da dungure-tashi da hannuwa, da tsugunne-tashi, sun wadatar, kuma ba sa buƙatar fili ko kuɗi. Wanda ya ce ba shi da minti 20 ya duba tsawon lokacin da yake ɓatawa a kan wayarsa.

Saje Mai Sintiri:
Baba Samanja, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, amma ina roƙon ka yi mana adalci. A zamaninku mafi yawan sojoji suna kwana ne a cikin bariki, tsakanin ɗakin mutum da filin fareti tafiyar ƙafa ce kawai. Yau da yawa daga cikinmu muna haya a Agege da Ikorodu da Alaba Rago da bayan Ojo, kuma wanda zai fito daga can zuwa Obalende ko Bonny Camp yana iya ƙone awa biyu ko uku a hanya a tafiya ɗaya. Wannan kofur ya ce yana barin gida kafin assalatu, wato sallar asubar ma a hanya ko a wurin aiki take samunsa. Mutumin da bai samu barcin awa biyar ba, idan ka ce ya yanke minti 20 daga cikin wannan ɗan barcin ya yi gudu, ban tabbata cewa taimakonsa ka yi ba. Ni a ganina matsalar ba ta lalaci ba ce. Matsala ce ta barci da hanya, kuma sai an fara amincewa da hakan kafin shawara ta yi amfani.

Ma'aikaciyar jinya, Yaba:
Ina gaishe da kowa. Baba Samanja da Saje duk sun taɓo gaskiya, kuma zan so in sa alƙaluma a kai domin maganar ta tsaya da ƙafafunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, irin gudu, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. A ƙa'idojin da ta fitar a 2020 ta cire sharaɗin da ke cewa sai motsin ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi, saboda haka minti biyar a nan da minti bakwai a can duk suna shiga lissafi. Minti 75 a mako, idan aka raba shi, bai kai minti 11 a rana ba. Wannan yana goyon bayan Baba.

Sai dai Saje ma yana da hujja mai ƙarfi. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, kuma ƙarancin barci yana taɓa sinadaran jiki da ke kula da yunwa da ƙoshi, shi ya sa wanda ya kwana a gadi yake tashi da kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Don haka a ranar da mutum ya sauko daga aikin dare, barci shi ne abin da ya fi gudu amfani gare shi, motsa jikin kuma ya jira ranar da ya huta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a bayanin Kofur shi ne lemon kwalba. Gorar kola mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wanda shi ne iyakar da aka ba baligi na yini guda cif, kusan ƙaramin cokali 12. Idan aka haɗa da shayin safe mai sukari da madara mai zaƙi, an wuce iyakar tun kafin la'asar. Gishiri kuma bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, alhali garin ɗanɗanon da ke cikin ƙunshin indomi da dunƙulen da ake ƙarawa a kai suna cinye kaso mai yawa na wannan adadin a kwano ɗaya. Ina ganin maza masu shekara talatin da 'yan kai, masu kaki, waɗanda awon jininsu ya haura 140 bisa 90 ba tare da sun taɓa jin komai ba. Ƙanena, kafin ka fara komai ka je a auna maka jini da sukari, sannan ka sa igiyar awo a cikinka daidai cibiya. Idan ya wuce rabin tsawonka, lokacin gyara ya yi.

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum. Ni matar soja ce, kuma abin da zan faɗa daga madafi yake. Duk shawarar da aka bayar a kan abinci tana rushewa ne a lokacin da yunwa ta kama mutum a bakin aiki babu komai a jakarsa, domin a wannan lokacin abin da ke kusa shi zai saya, kuma abin da ke kusa a kasuwar mami, wato kasuwar bariki, ko a bakin titi soyayye ne ko mai zaƙi. Saboda haka aikin yana farawa ne tun daga gida. Ni nakan shiga kasuwar Mile 12 idan albashi ya shigo, in sayi wake da gyaɗa da gero da albasa da yawa daga hannun 'yan uwanmu da ke sauke kaya daga arewa, domin a can sun fi araha.

Wani abu da na lura da shi shi ne, ɗanshin Legas ba ya barin dafaffen abinci ya daɗe yadda yake daɗewa a Kano ko Katsina. Alalen da aka sauke da asuba, idan ya wuni a cikin leda a jaka, kafin la'asar ya fara yauƙi da tsami, ga wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce balle a ce firji zai cece shi. Don haka nakan raba guzurin maigida gida biyu. Na farko shi ne wanda zai ci kafin azahar: wake da shinkafa ko alale a cikin kula, da dafaffen ƙwai biyu da ɓawonsu, domin ɓawon yana kare su. Na biyu shi ne wanda ba ya lalacewa: soyayyar gyaɗa a cikin kwalba mai murfi, da ƙuli-ƙuli, da dabino, da busasshiyar aya, da dambun nama idan hali ya yi, sai garin kunun gyaɗa da nake niƙawa in shanya, wanda ruwan zafi kawai zai nema a wurin mai shayi ya dama. Nakan sa masa kokwamba da lemon zaƙi saboda ba sa saurin lalacewa. Kofur, ka zauna da uwargidanka ku tsara wannan tare, kuma ka ba ta kuɗin cefanen a dunƙule. Ba daidai ba ne a ɗora mata tashin ƙarfe uku na dare kullum, shi ya sa busasshen guzuri ya fi dacewa, tunda ana yin sa ne sau ɗaya ya kai mako.

Saje Mai Sintiri:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce irin shawarar da ake iya ɗauka a yi aiki da ita. Ina da tambaya ɗaya ga 'yar uwarmu ma'aikaciyar jinya: kullum ana ce mana mai aikin ƙarfi sai da nama, kuma kowa ya san abin da nama da kifi suka koma a kasuwa. Ƙaramin soja mai iyali ba zai iya cin nama kullum ba. Shin wake da gyaɗa suna iya tsayawa a madadinsa, ko dai lallashin kai ne kawai?

Ma'aikaciyar jinya, Yaba:
Suna iya tsayawa, Saje. Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, mai atisaye sosai kuma yana buƙatar daga giram 1.2 zuwa sama. Mutum mai kilo 70 da ke motsa jiki zai nemi giram 85 zuwa 100 ke nan. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6, kofin dafaffen wake kusan giram 13, gyaɗa kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, ƙuli-ƙuli ma ya fi ta tunda an matse mai daga cikinsa. Haɗa wake da hatsi, kamar yadda muke yi a garau-garau ko ƙosai da koko, yana cike giɓin da kowannensu yake da shi idan an ci shi shi kaɗai. Awara da nono da busasshen kifi duk suna taimakawa. Abin lura kawai shi ne man da ake tsiyayawa a kai, domin babban cokali ɗaya na mai yana da kusan kalori 120, kuma a garau-garau ko waken Yarbawa da ake ci da burodin Agege ba cokali ɗaya ake zubawa ba.

Sojan ruwa, Apapa:
Ina so in ƙara a kan batun fili. Mu da muke fita sintiri a Tekun Gini mukan yi kwanaki a cikin jirgi, inda wurin da mutum zai miƙe bai fi faɗin tabarma ba, kuma duk da haka waɗanda suka sa kansu ba sa dawowa da teɓa. Igiyar tsalle tana shiga aljihun jaka, minti 10 da ita kuma yana sa mutum haki kamar ya yi gudu mai nisa. Ƙarfen da za a rataya a ja jiki sama ba ya wuyar samu a kowane bariki, jarkar ruwa mai lita 20 kuma nauyinta kilo 20 ne, wanda ya ishi mutum ɗagawa da tafiya da shi. Abu na biyu shi ne ruwa. A arewa zufa tana bushewa nan take, jiki ya huce, amma a Legas iska cike take da ɗanshi, zufar tana zuba ba ta bushewa, saboda haka mai kaki da sulke da hular kwano a rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda. Yawancin abin da muke kira kasala da ciwon kai na rana ƙishirwa ce. Mutum ya duba launin fitsarinsa. Idan ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Ledar ruwa rabin lita ce, don haka lissafin ba shi da wuya.

Kofur ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, na ƙaru da abubuwa da yawa. Akwai abin da ban faɗa ba a farko. A daren gadi, kusan kowa a cikinmu yana riƙe da gwangwanin abin shan ƙara kuzari, wasu biyu wasu uku kafin gari ya waye, kuma ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda suke wuce nan su haɗiye ƙwaya domin kada barci ko gajiya su kama su. Idan mutum ya bar gwangwanin, da me zai riƙe idonsa daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, lokacin da barci ya fi nauyi?

Ma'aikaciyar jinya, Yaba:
Na ji daɗin da ka fito da wannan fili. Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro da waɗannan gwangwanaye, ba shi da laifi ga lafiyayyen baligi matuƙar bai wuce miligiram 400 a yini ba. Matsalar ita ce yana daɗewa a jiki: bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan bai fita ba. Wanda ya sha gwangwani da ƙarfe huɗu na dare, ya sauka daga aiki da ƙarfe bakwai, zai kwanta barcin ya ƙi zuwa ko ya zo sama-sama, sai ya tashi a gajiye ya sake neman wani gwangwanin. Ga sukarin da ke ciki kuma. Shawarata ita ce a sha kofi ko shayi maras sukari a farkon daren, a daina da zarar an raba dare, sannan a riƙe sauran sa'o'in da ruwan sanyi da 'yar gyaɗa da tattaki da tsugunne-tashi a inda dokar wurin ta yarda. Idan ana karɓa-karɓa, gyangyaɗin minti 20 yana wartsakar da mutum fiye da yadda ake zato.

Ƙwaya kuwa magana ce daban. Tiramol maganin ciwo ne daga dangin masu sa maye, yana kama mutum, kuma idan aka sha da yawa yana jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Irin wannan ɓarna ce ta sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Mutumin da ke riƙe da bindiga a cikin jama'a bai kamata hankalinsa ya kasance a hannun ƙwaya ba. Idan kana da abokin da ya faɗa ciki, ka raka shi wurin likita. Barin ta farat ɗaya bayan an saba yana da nasa haɗarin.

Malam na Idi-Araba:
Allah ya saka wa kowa. Ni ba soja ba ne, amma 'ya'yana biyu suna cikin aikin, kuma abin da suke kuka da shi shi ne watan azumi, domin a nan ne duk tsarin da mutum ya gina yake wargajewa. Abin da na ga ya yi musu amfani shi ne su rage tsawon atisayen ba tare da sun daina ba, su mayar da shi zuwa gab da buɗa-baki ko bayan tarawihi, yadda ruwa zai biyo baya ba da jimawa ba. A sahur kuma abinci mai zama a ciki ya fi, irin su wake da fura da nono da kunun gero, ba burodi da shayi mai zaƙi ba. Mu kanmu mun san cewa teburin buɗa-bakinmu ya cika soye-soye da zoɓo mai sukari, har wasu su fito daga azumi sun fi yadda suka shiga nauyi.

Kyaftin, Ikeja:
Na bi wannan muhawara tun daga farko, kuma ina so in faɗi abin da ya shafe mu masu riƙe da mutane. Lafiyar jikin soja ba harkarsa ce shi kaɗai ba, domin da ita ake aikin, kuma wanda ya tsara jadawalin gadi yana da hannu a cikinta ko ya sani ko bai sani ba. Idan na sa mutum ya kwana a tsaye, sannan da safe na jera shi a gudun bataliya tare da waɗanda suka kwana a gadajensu, ban ƙara masa ƙarfi ba, rauni nake nema masa. Idan kuma ban tanadi ruwa da inuwa a shingen bincike ba, ba ni da bakin tambayar abin da ya sa yaran suke sayen lemo. Akwai kuma wata al'ada da nake ganin tana cutar da mu, wato mayar da atisaye abin horo. Yaron da bai san tsallen kwaɗo da birgima ba sai a matsayin hukunci zai girma yana ƙin motsa jiki, ranar da ya sami igiya a hannu kuma zai daina gaba ɗaya, shi ya sa ake ganin tumbi yana girma tare da muƙami. Ya kamata hafsa ya kasance a gaban sahu a gudun safe, ba a cikin mota yana bin su a baya ba.

Tsohon Samanja, Ojo:
Ranka ya daɗe, a kan hafsa ya shige gaba na yarda da kai ɗari bisa ɗari, haka ma a kan hutar da wanda ya sauko daga gadi. A kan horo kuwa muna da ɗan saɓani. Kurtu yana buƙatar ya san cewa jikinsa zai iya wuce inda zuciyarsa ta ce ya tsaya, kuma ba a koyon wannan cikin lallashi. Abin da na ƙi shi ne horon da ba shi da iyaka ko wanda ake yi cikin fushi, domin na ga gwiwoyin da ya lalata. Saje, na kuma karɓi gyaranka a kan barci da hanya. Amma ina nan a kan cewa a ɗaure motsin da wani abu da ba ya gushewa; idan asuba tana samun Kofur a wurin aiki, to ya isa da wuri ke nan, ya yi minti 10 ɗinsa a can kafin fareti, ya watsa ruwa ya sa kaki. Abin da ke kashe niyya shi ne jiran ranar da aiki zai yi sauƙi, kuma a aikin nan ba ta zuwa.

Kofur ɗan Agege:
Baba, wannan zan iya, domin nakan isa da sauran lokaci kafin a buga fareti. Tambayata ta ƙarshe ita ce gwiwa. Tawa ta dama tana ciwo idan na yi gudu a kan kwalta da but. In ci gaba a haka har ta saba, ko in dakata?

Ma'aikaciyar jinya, Yaba:
Kada ka yi gudun kanka da but, an yi shi ne domin kare ƙafa a daji da fareti, ba domin dukan kwalta ba. Ka nemi kambas mai taushin ƙasa, ko na gwanjo ne, ka fara da tafiya da sauri da tsugunne-tashi marar zurfi na makonni kafin ka koma gudu, kuma ka zaɓi ciyawa ko ƙasa a inda ka samu. Idan gwiwar tana kumbura, ko tana maƙalewa, ko tana sakinka a kan matakala, sai likita ya duba ta kafin komai. Igiyar tsallen da ɗan'uwanmu na Apapa ya ambata ma ka jinkirta ta har ciwon ya lafa.

Saje Mai Sintiri:
Akwai mu kaɗan da muke haɗuwa a harabar Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere da safiyar Asabar idan ba mu da aiki, wasu suna gudu wasu suna tafiya, biyu daga cikinmu kuma suna shirin shiga tseren birnin Legas na kilomita 42 da ake yi tun 2016. Kofur, idan Asabar ɗin nan ba ka da gadi ka zo, za mu sa ka cikin masu tafiya har gwiwar ta warke. Daga Agege motar Oshodi za ka hau, daga can ka kama ta Ojuelegba, kuma ka fito da wuri domin muna watsewa kafin rana ta yi zafi.